An ba ni Bayokemistiri, a ƙauye kuma har an fara ce min Dakta

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 19, ina wani ƙauye a ƙasar Ringim. Tun ina JS2 nake cewa likita zan zama, tun ranar da yayata ta kwana biyu tana naƙuda aka ɗauke ta a bayan motar itace zuwa asibiti, abin da aka haifa bai zo da rai ba ita ma da ƙyar ta sha. Bana na ci 228 a JAMB, na cike Medisin a wata jami'ar tarayya amma da admishan ya fito sai naga Bayokemistiri aka bani. A WAEC ina da kiredit a komai banda Fizis da na samu D7, don makarantarmu bamu da malamin Fizis, wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mana zango biyu ya tafi. A NECO na samu C6 a Fizis amma Turanci ya faɗi, shine na haɗa biyun. Yayana yace in karɓa kawai, in nayi ƙoƙari a aji ɗaya zasu mayar dani Medisin, wai haka ƙanin abokinsa yayi. Inna tace in nemi makarantar nas ta Birnin Kudu in gama da wuri. Baba shi bai san bambanci ba, ya kai riɗinsa Gujungu ya sayar ya ajiye kuɗin rajista, ya gaya wa 'yan majalisarsu 'yarsa ta samu karatun likita, har yara sun fara ce min Dakta kuma na kasa gyara masa. Ga wanda yake nemana, malamin firamare ne, yace zai jira, amma baffana yana ta matsa wa Baba a sa rana. Anti in karɓa ko in sake JAMB? Wallahi bana iya barci.

Daga H.

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya ƙara wa yayarki lafiya, ya sa abin da ta rasa mai ceto ne. Kafin komai bari in ce miki sannu, don yarinyar da ta ci 228 daga makarantar da ba malamin Fizis ba ƙaramin ƙoƙari tayi ba, na koyar da Kemistiri shekaru a makarantar kwana ta mata kuma nasan yadda ake cin wannan makin, da tocila ake cinsa bayan an gama wanke-wanke. Kar ki bari kowa ya sa ki ji kamar kin faɗi.

Amma kinsan me na fi tsayawa a kai a wasiƙarki? Ba makin JAMB ɗin ba, wannan maganar da kika faɗa a tsakiya kamar ba komai ba, "shine na haɗa biyun". Nan gizo yake saƙar. Karatun likita a Najeriya yana neman kiredit biyar, Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, kuma jami'o'i da dama ga Medisin basa yarda da haɗi, sai dai biyar ɗin su fito a takarda ɗaya, zama ɗaya. Kenan zai iya yiwuwa ko 290 kika ci da sun ajiye ki gefe tun kafin a kalli makin, kuma wannan haɗin zai bi ki duk ƙofar da kika nufa, ko sake JAMB, ko canjin da yayanki yake faɗa, ko shiga ta DE, wato shiga aji biyu kai tsaye, bayan digiri, duk sai an sake buɗe takardar nan. Don haka abu na farko, kuma wanda babu shawara a cikinsa, shine ki sake zama jarrabawar sakandare ta masu zaman kansu, ko ta NECO da akeyi wajen ƙarshen shekara ko ta WAEC, ki haɗa biyar ɗin wuri ɗaya. Kuma ki sa a buɗe miki littafin ƙa'idojin JAMB a intanet ki karanta da idonki abin da kowace jami'a ta rubuta a ƙarƙashin Medisin, kar ki dogara da yaron kafe, shi aikinsa ya cike fom ya karɓi kuɗinsa.

To yanzu maganar yayanki. Ba ƙarya yayi miki ba, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, ana samun wanda ya tsallaka daga wani kwas zuwa Medisin bayan aji ɗaya. Sai dai labarin mutum ɗaya da ya tsallaka shine yake yawo a gari, ba wanda yake bada labarin sauran da suka shiga da wannan niyyar suka gama shekara huɗu suna jira. Dalilin kuwa a fili yake, akwai hukumar da ke kula da likitoci a ƙasar nan, MDCN, ita take yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitanci da zata iya ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta, jami'a bata da ikon ƙara kujera don taga kin yi ƙoƙari. In kujera ta faɗo to wani ne ya faɗi ko ya bari, sannan a duba masu maki mafi sama, irin waɗanda CGPA ɗinsu, wato matsakaicin makinsu na jami'a, yake shafar 5 wanda shine ƙololuwa, wasu jami'o'in ma sam basa yin wannan canjin, wasu suyi bana su hana baɗi. Ina da wata ɗaliba da ta shiga Zuwoloji da wannan alƙawarin na baka, duk hutu in ta zo gaishe ni sai tace Malama an ce shekara mai zuwa, har ta kai aji uku, ranar da ta gane ba wata shekara mai zuwa ta zauna a tabarmata tana kuka kamar an yi mata mutuwa, kuma abin da yafi bani takaici shine makin nata ma ya lalace saboda duk shekarun nan zuciyarta bata wajen abin da take karantawa. Abin da nake so kiyi shine ke da Yaya ku tashi da ƙafarku ku je jami'ar, ku nemi ofishin admishan ko na shugaban tsangaya, ku tambaya: shin kuna mayar da ɗalibi daga Bayokemistiri zuwa Medisin? In kuna yi, maki nawa, kuma mutum nawa kuka mayar bara? In an ce ana yi a nuna muku a rubuce. Kuɗin motar nan yafi araha akan shekara huɗu.

Kuma ki gane wani abu da ake ruɗar yaranmu da shi, Bayokemistiri da Anatomi da Fiziyoloji darussa ne da ɗaliban likitanci suke yi a aji biyu da uku, wani lokaci ma malamai ɗaya ne ke koyar da su, farar riga ɗaya kowa yake sawa in za'a shiga lab, shi yasa mutanen gida suke ɗauka ai duk likita ne. Amma wanda ya gama digiri a ɗayan waɗannan ba'a bashi lasisin duba mara lafiya. Ilimi ne mai kyau, ana koyarwa da shi, ana bincike, ana aiki a kamfanonin abinci da magani, amma ba zai kai ki gefen gadon mai naƙuda ba, wanda kuma shine abin da kika ce kina so.

Bari muyi lissafin shekaru tunda akwai maganar aure a gefe, don shine abin da baffanki zai tambaya. MBBS, wato digirin likita, shekara 6 ne, sai shekara 1 ta aikin koyon hannu a asibiti, sai bautar ƙasa. In kin sake JAMB baɗi Allah ya baki, zaki gama wajen shekara 26. In kuma kin bi ta Bayokemistiri har ƙarshe, shekara 4, kika fita da sakamako mai ƙarfi kika nemi DE, a aji biyu za'a ajiye ki, saura shekara 5, kinga 9 kenan, kina 28, kuma kujerun DE ɗin 'yan kaɗan ne ainun ana kokawa a kansu. Wannan fa duk in ba'a yi yajin aiki ba, kin tuna na 2022 wata takwas ɗalibai suna gida. Kenan in dai likitancin ne, hanyar da ake gani kamar ɓata shekara itace gajeriyar.

Sai dai bazan ce miki ki yar da admishan ɗin ki zauna a gida ba, don guntun gatarinka yafi sari ka bani, kuma ina jin tsoron shekarar zaman gida a ƙauye ga yarinya mai shekara 19 da baffa yake ƙirga mata kwana. Zaki zauna da niyyar karatu, sai damina ta faɗi, sai kai abinci gona, sai surfe, sai rainon ƙanne, Fizis ɗin kuma har yanzu ba mai koya miki shi, kafin ki ankara an kawo kayan sa rana. Da ni ce ke, ga abin da zan fi karkata gare shi: in karɓi Bayokemistirin, amma ba don jiran canji ba, in ɗauki aji ɗayan a matsayin makarantar gyara. A aji ɗaya na kimiyya abin da ake yi shine Fizis da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi, wato daidai abin da JAMB take tambaya har da ƙari, ga malamai, ga lab, ga laburare, ga ɗalibai 'yan uwanki da suka fito daga irin su Sayans ta Taura ko Dawakin Tofa waɗanda Fizis yake musu kamar shan ruwa, ki liƙe musu. A cikin shekarar ki gyara takardar sakandarenki, ki sake JAMB. In Medisin ya fito ki tafi, in bai fito ba kina aji biyu baki rasa komai ba. Wajen rajistar ki faɗi gaskiya cewa kina wata jami'a, kuma ki sani ba'a riƙe admishan biyu, in sabo ya zo tsohon ake saki. Aibin wannan hanyar shine nauyi biyu ne a kai ɗaya, kuma kuɗin riɗin Baba na shekarar zai iya tafiya, shi yasa dole ya san da maganar, zan dawo kan wannan. Ki kuma lura admishan a CAPS, wato shafin JAMB da ake karɓar admishan, yana da wa'adin karɓa, kuma in kin danna kin karɓa to na bana ya rufe, don haka tafiyar nan taku jami'a a cikin satin nan ya kamata ayi ta.

In kuma kin ga ba zaki iya haɗa taura biyu a baki ba, akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a wanda jami'ar ABU Zariya take kula da shi, kusan shekara guda ana darasi uku, ke naki Bayoloji da Kemistiri da Fizis ne, ana yi a kwalejin CAS ta Kano da makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa da wasu wuraren, in kin ci sosai ki nemi aji biyu kai tsaye. Amma "sosai" ɗin nan ba wasa bane ga Medisin, kuma akwai cibiyoyin bogi da yawa masu cin kuɗin mutane da sunan IJMB, sai an bincika.

Game da JAMB ɗin kanta kuwa, tambaya 180 ce a awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga ukun, kinga ko minti ɗaya kowace tambaya bata samu ba. Yawancin yaran karkara da na sani ba rashin sani ne yake kada su ba, ranar jarrabawar ce rana ta biyu ko ta uku da suka taɓa zama gaban kwamfuta, hannu yana rawa, ana neman inda za'a danna, rabin awa ta tafi. Ki sa manhajar tsofaffin tambayoyi a wayar Yaya, ki dinga yi da agogo a gefe, in kin samu dama ki biya kuɗin awa ɗaya a kafe ko sau ɗaya a sati, ki kuma zauna jarrabawar gwajin da JAMB take yi kafin ta gasken. Ki sa a ranki 280 kike nema ba 240 ba, don na ga masu 270 da aka bari a waje. Kuma kar ki kafe a jami'a ɗaya, kowa BUK yake rububi saboda sunanta da asibitin Malam Aminu Kano, alhali ga jami'ar tarayya ta Dutse da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, ga ta kimiyyar lafiya a Azare nan maƙwabta, ga ABU. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 na cancanta, 35 na 'yan yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma Jigawa tana cikinsu, to ki zaɓi inda zamanki 'yar Jigawa zai yi miki aiki. Ki kuma kasa kunne ga hukumar tallafin karatu ta jiha don gwamnati ta sha tura ɗalibai waje karatun likita, sannan akwai NELFUND, rancen karatu na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024, ba ruwa a kansa, sai bayan an gama bautar ƙasa da shekara biyu ake fara biya.

Maganar Inna kuma kar ki raina ta fa. Nasan a zuciyarki kina jin kamar tace ki sauko ƙasa ne, amma ki tuna daren yayarki, wadda ba'a samu ba a kwana biyun nan kafin a nemo motar itace ungozoma ce mai ilimi da zata kalle ta tun daren farko tace wannan haihuwar ba ta gida bace ku tashi yanzu. Ki je Jahun ki ga matan da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari, zaki gane aikin ungozoma ba ƙarami bane. Kuma tsakanin likita da nas akwai ƙofofi da yawa da suke ba mutum lasisin aiki, digirin nas na shekara 5, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton ƙashi, gashin ƙashi, haɗa magani, likitan haƙori, kowanne yafi Bayokemistiri kusa da mara lafiya, kuma su ma kiredit biyar ɗin nan suke nema, kinga gyaran takardar ba asara bane ko ina kika faɗa. Abin da kawai zan gaya miki shine nas ba tsani bane na hawa likita, hanya ce mai zaman kanta, in kin zaɓe ta ki zaɓe ta don kina sonta. Ni shawarata ki ba likitanci gwaji ɗaya tak na gaske, da takarda gyararriya da shiri na shekara guda, in bai yiwu ba ki karɓi ɗaya daga waɗannan da hannu biyu. Na ga masu JAMB sau biyar, ban so miki.

Shi kuma malamin da yake nemanki, Allah ya saka masa, amma "zan jira" kalma ce mai daɗin faɗa a zaure, ki tambaye shi shekara nawa yake nufi, ki faɗa masa 7 ko 8 ƙarara ki ga fuskarsa. Ana aure ana karatun likita, na san waɗanda suka yi har da goyo, amma da mijin da ya yarda matarsa ta kwana a asibiti tana kiran dare, da uwar miji da ta fahimta, kuma ba a aji biyu da uku ba lokacin da ake tankaɗe ɗalibai da babbar jarrabawar farko. In da gaske yake sai a yi maganar a gaban manya a san sharaɗi tun yanzu, wannan ma zai rage wa Baba matsin baffa, don baffa abin da yake gudu shine a ce an bar yarinya ba alƙibla, in yaji akwai magana tsayayya da lokaci sananne zai sassauta.

Yanzu Baba. Ƙanwata ina ganin rabin rashin barcin nan ba Medisin bane, sunan Dakta ne da kike amsawa kina sunkuyar da kai. Baki yi ƙarya ba, amma shirun in ya daɗe zai zama ita, kuma ki yi tunanin ranar da wani ɗan boko zai gyara masa a majalisa gaban mutane, ko bayan shekara huɗu ya kawo miki maƙwabci mai ciwon ciki yace ga likitar gida. Wannan kunyar tafi ta yau nesa ba kusa ba. Mutumin da ya noma riɗi yasan shuka ba girbi bace, zai gane, kawai dai kar ki je masa da kuka hannu rabbana, ki je da tsari. Ki fara gaya wa Inna, ki sa Yaya ya zauna tare daku bayan isha'i in ya gama cin tuwo, ba lokacin da ya dawo daga gona a gajiye ba. Ki ce masa Baba karatun da aka bani ɗan uwan na likita ne amma ba shi bane, akwai takarda ɗaya da ta rage min, ina neman izininka da addu'arka na shekara guda in gyara, ga abin da zai ci, ga abin da zan yi in bai yiwu ba. Kuɗin nasa ne, ki bar shi ya faɗi ra'ayinsa akan ko a biya rajistar bana ko a riƙe don jarrabawa, wataƙila ma ya ga abin da ni da ke bamu gani ba. 'Yan majalisa kuma ki bar masa su, yasan yadda zai yi da abokansa, ai "tana kan hanya" ta ishe su.

In kun dawo daga jami'ar ki rubuto min abin da suka ce game da canjin, da kuma abin da aka rubuta akan haɗa takarda biyu, ki haɗo min da makin da kika ci a kowane darasi cikin 228 ɗin nan, ina so in ga Fizis nawa ya baki kafin mu tsara daga inda zaki fara karatu. Ki gaida Inna da yayarki.

Antinki